NANAYE TA GIRMA: Yadda waƙar fim ta tashi daga ƙwalisa ta koma taɓa zuciya

Ranar wata Asabar bayan an gama yankan gero na hau mota a Kabuga, muka bi ta Janguza da Rimin Gado, muka ratsa ƙasar Kabo har Gwarzo, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni Madadi. Ba aikin mujalla ne ya kai ni ba. Ƙanwata ce, 'yar kawuna, za a kai ɗaki. To amma ka san halin ɗan jarida, ko gidan biki ya je kunnensa yana bakin aiki.

Tun la'asar sakaliya mai kiɗan da aka ɗauko daga Gwarzo ya tada janareta ya jera lasifikoki a ƙofar gida. Waƙoƙin da ake yayi a TikTok ya dinga saki, yara suna tada ƙura, 'yan mata suna ɗaukar juna a waya. Kawu yana can gefe kan tabarma ya haɗe rai. Da na je gaishe shi sai ya nuna lasifikar da baki.

"Kai ɗan jarida, wannan shi ne abin da kuke ɓata takarda a kansa? Nanaye!"

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya Kawu, ai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba."

Ko kallona bai yi ba.

Bayan isha'i aka fito da amarya lulluɓe. Sai mai kiɗan nan, wanda ashe ya san aikinsa, ya sauya faifai. Ya sa wata waƙa mai sanyi, irin ta rabuwa da gida, kiɗan a hankali, muryar kamar mai rarrashi. Kafin a kai baiti na biyu tsakar gidan ya ɗauki shessheƙa. Gwaggo ta juya baya. Na saci kallon Kawu, na ga ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, kuma har waƙar ta ƙare bai ce a kashe ba. Fiyanon dai shi ne wanda ya zaga ɗazu. Mai yiwuwa ma a situdiyo ɗaya aka buga waƙoƙin biyu.

A daren nan na kwana ina tambayar kaina: wai yaushe ne nanaye ta koyi sa dattijo yin shiru?

MASU GASHI HAR GADON BAYA

Mai karatu, yi haƙuri mu ɗan leƙa Amurka, don a can na fara ganin irin wannan labari. Lokacin da nake difloma wani abokin karatuna ya tura mini wani fim na gaskiya a waya, The Decline of Western Civilization Part II: The Metal Years, wanda wata darakta mai suna Penelope Spheeris ta fitar a 1988. Fim ne kan wasu makaɗa na birnin Los Angeles da ake kira 'yan glam metal. Kiɗan jita ne mai ƙara, amma abin da aka fi saninsu da shi shiga ce: gashi a tsaye an feshe shi, jan baki, kwalli raɗau, wando matsattse mai walƙiya. Maza ne fa! Ka dubi hoton bangon faifan farko na ƙungiyar Poison, na 1986, wallahi sai ka rantse 'yan mata huɗu ne. Waƙoƙinsu kuwa ba su wuce mata da shagali da holewa ba. Tashar MTV, wadda ta fara aiki a 1981, ita ta ɗaga su, domin kiɗa ne da aka yi don ido kafin kunne. Masu sharhi sun raina su ƙwarai, har suka laƙaba wa kiɗan suna "na 'yan gashi".

A fim ɗin akwai wata fitowa da ba na mantawa. Chris Holmes, makaɗin jitar ƙungiyar W.A.S.P., yana kwance a kan ruwan wanka ya yi tatul, yana ta kwankwaɗar kwalba, mahaifiyarsa na zaune a gefe tana kallonsa. Daga nan ka san akwai ciwo a ƙarƙashin kwalliyar.

Ciwon kuwa ya fito fili a ƙarshen zamaninsu. A Disamba 1987 Nikki Sixx na ƙungiyar Mötley Crüe ya sha ƙwaya fiye da kima har aka fid da rai, da ƙyar aka ceto shi. 'Yan ƙungiyar suka je aka yi masu maganin shaye-shaye, sannan suka fitar da Dr. Feelgood a 1989, faifan da ya fi duk nasu kasuwa. Bret Michaels na Poison ya ba da labarin cewa yana wani shagon wanki a Dallas ya buga wa budurwarsa waya, sai ya jiyo muryar namiji a ɗakin. Daga wannan takaici ya rubuta "Every Rose Has Its Thorn", wadda ta hau lamba ɗaya a Amurka a Disamba 1988. A 1990 suka sake yin "Something to Believe In" bayan rasuwar mai tsaron lafiyarsa kuma amininsa, waƙar da ta taɓo tsofaffin sojojin Biyetnam da malaman coci masu cin kuɗin mabiya. Ita kuma ƙungiyar Cinderella ta rage fenti ta koma ga tushen kiɗan baƙar fatar Amurka, wato bulus, a faifan Long Cold Winter na 1988 da Heartbreak Station na 1990. A Yuni 1991 Skid Row ta fitar da Slave to the Grind, faifai mai nauyi da fushi, ya faɗo kai tsaye a lamba ɗaya.

Sai me? A daidai lokacin da suka fara faɗin abin da ke ransu, sai kasuwa ta juya masu baya. A Satumba 1991 wasu samari daga yankin Seattle masu yagaggen wando, Nirvana, suka fitar da Nevermind. Zuwa Janairu 1992 faifan ya ture na Michael Jackson daga lamba ɗaya. Shi ke nan, aka daina yayin masu gashi, har da waɗanda suka riga suka wanke fuska.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Jani Lane na ƙungiyar Warrant. Sun gama faifansu na biyu a 1990, suna shirin sa masa sunan wata waƙa mai labari, "Uncle Tom's Cabin", wadda ke ba da labarin yaron da ya ga kisan kai. Kamfani ya ce a'a, babu waƙar da za ta ja kasuwa, a kawo wata. Ya zauna cikin kamar minti 15 ya rubuta "Cherry Pie", waƙar shashanci. Ita ta zama sunan faifan, ita ta zama sunansa. Da suka yi Dog Eat Dog a 1992, wanda da yawa ke ganin shi ne aikinsu mafi zurfi, cinikinsa bai kama ƙafar na baya ba. Shi da kansa ya sha faɗin baƙin cikinsa kan yadda waƙar minti 15 ta binne sauran aikinsa. A Agusta 2011 aka tsinci gawarsa a wani otal a Los Angeles, yana da shekara 47. Giya ce ta kashe shi.

To mu dawo gida.

ZAMANIN FIYANO

Ni ban riski farkon abin da wayona ba, amma na tashi a gidan da ake da jakar kaset. Yayana, wanda ya taɓa riƙe shagon hayar kaset a Gwarzo, shi ne makarantata. Tun daga Turmin Danya na 1990 ake fim ɗin bidiyo a Kano, amma kowa ya yarda Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya mamaye ƙasar Hausa a shekarar 2000 da Ali Nuhu da Fati Mohammed, shi ya sauya lissafi. Fiyanon Yamaha da ake bugawa a situdiyo irin na Iyan-Tama yana iya kwaikwayon sarewa da kalangu da ganga, mutum ɗaya ya zama ƙungiyar makaɗa. Daga nan waƙa ta zama ita ce fim. Furodusa kan fara zuwa situdiyo ya yi waƙoƙi, a ɗauki rawa, a yanka talla, sannan a zo ana neman labarin da za a rataya masu. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata waƙa suke tambaya kafin su tambayi darakta.

Ina kamar take da ta Amurka? A ido. Jarumi da jaruma su canza kaya sau biyar a waƙa ɗaya, yanzu suna gindin bishiya, an jima suna kan dutse, ga 'yan amshi a layi da anko. Karin waƙar ma sau da yawa daga fim ɗin Indiya aka ɗauko shi. Malamai suka yi ca, manazarta suka ce wannan ba kiɗan Hausa ba ne, ina Shata, wanda ya rasu a 1999, ina Ɗan Maraya? Sunan "nanaye" kansa da raini aka fara faɗinsa, wato waƙar 'yan mata a dandali.

Amma akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Mawaƙin wancan lokaci ba bakinsa yake magana da shi ba. Misbahu M. Ahmad, Rabi Mustapha, Mudassir Ƙassim, Sadi Sidi Sharifai, Yakubu Muhammad, Fati Nijar, Maryam A. Baba, duk muryoyi ne a bayan labule. Furodusa zai ce ga jarumi ga jaruma, suna son juna, iyaye sun hana, yi mana waƙa. A biya ka kuɗin aikinka sau ɗaya, kaset ya yi ta sayuwa ba ka da ko sisi a ciki. A ƙauye irin namu mutane da yawa sun ɗauka jarumin ne ke rerawa. Yaya ya ce sun sha musu a shago kan cewa Ibro ba shi ke waƙoƙinsa duka da bakinsa ba. Mutumin da aka ɗauka haya don ya ari bakin wani, ta yaya zai gaya maka abin da ke cin ransa? Duk da haka, in ka tace da kyau, za ka tarar da baitoci masu nauyi a waƙoƙin wancan zamani, musamman a alƙalamin Yakubu Muhammad. Rawar ce ta rufe su.

SHEKARAR DA TA GIRGIZA KOWA

A ganina 2007 ce ta raba zamani biyu. Ranar 1 ga Janairu aka wayi gari da rasuwar Ahmed S. Nuhu a haɗarin mota a Azare, yana tsakiyar tashensa. Industiri ta taɓa ɗanɗana irin wannan da rasuwar Balaraba Muhammad, ita ma a mota, ana cikin hidimar aurenta. Samarin da suka saba rera soyayyar wasa sai ga su suna rera ta'aziyyar abokinsu na gaske.

Kafin shekarar ta ƙare kuma sai badaƙalar bidiyon wayar nan ta fashe. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Malam Abubakar Rabo Abdulkarim kan Hukumar Tace Finafinai, wadda aka kafa tun 2001. Aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni, aka tsananta kan rawa da waƙa. An ɗaure Adam A. Zango a 2007 kan faifan Bahaushiya. An ɗaure Hamisu Lamido Iyan-Tama a Disamba 2008 kan fim ɗin Tsintsiya. A 2009 kotu ta haramta waƙoƙi 11, aka kuma kama Aminu Ala kan "Hasbunallahu". 'Yan fim da yawa suka tattara suka koma Kaduna.

Ba ina cewa ɗauri alheri ba ne, Allah ya kiyaye. Mutane sun rasa sana'a, wasu ba su sake farfaɗowa ba. Abin da nake cewa shi ne, a wannan tsakani mawaƙi ya fara magana da bakin kansa. Da aka taɓa shi, sai ya ce "ni". Waƙoƙin da aka haramta ɗin nan da yawansu ba na fim ba ne, koke ne da martani da addu'a. Kuma hukuma ba ta iya tare su ba, domin a daidai lokacin wayar hannu mai memori da bulutut ta shigo. Waƙa ta daina jiran kaset. Yaro a Getso ko Kutama zai miƙa wa mai tura waƙoƙi wayarsa a cika masa ita, bai ga fim ba, bai ga rawa ba, daga shi sai murya da kalma. To in babu anko babu dutse, dole kalmar ta tsaya da ƙafarta.

A nan ne Aminu Ladan Abubakar ya yi abin da ya yi. Ala marubucin littattafai ne kafin ya zama mawaƙi, kuma ya ɗauko tsarin rubutacciyar waƙa, irin gadon su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, da ƙafiyarta da ma'auninta, ya ɗora a kan fiyanon da ake zagi. Saurari "Bara a Kufai" ko "Baubawan Burmi" ko jerin "Shahara" inda yake ba da tarihin kansa. Malaman jami'ar da suka ce fiyano ba ya ɗaukar hikima, yau ɗalibansu na rubuta kundin digiri a kan waƙoƙinsa.

Sai kuma samarin da suka biyo baya ta ɓangaren soyayya: Nazifi Asnanic, Ali Jita, Umar M. Shareef, Nura M. Inuwa. Su ne suka mayar da albam abin jira. Nura musamman, mai "Aisha Humaira" da "Baɗi Ba Rai", ya saba wa masoyansa da albam irin su Afra da Wasiyya da Mai Sauraro, kuma in ka lura soyayyarsa ba ta tsaya a "ina son ki" ba. Akwai maraici a ciki, akwai talaucin da ke raba masoya, da cin amana, da mutuwa. Ga karin magana da zaurance da sai ka saurara sau uku kafin ka kama. Ni dai a nawa kunnen, shi ne ya fi kowa nuna cewa ana iya sa mutum kuka da kayan kiɗan da aka saba sa shi rawa. Wani zai ce Umar ne, kuma ba zan yi faɗa da shi ba. Abin lura ma, a da jarumi ke cin sunan mawaƙi. Zuwa 2017 sai ga Umar M. Shareef ya fito jarumin Mansoor na FKD, wato muryar ta fito daga bayan labule ta karɓi fuskar ma gaba ɗaya. Naziru M. Ahmad kuwa ya bi hanyar fada har Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa shi Sarkin Waƙa a 2018. Ɗan nanaye da rawani! Wa zai faɗa a 2001 a yarda?

INDA MUKA BAMBANTA, DA INDA NAKE JIN TSORO

Masu gashin Amurka sun girma ne a bakin kabarin kasuwarsu. Namu sun fi su sa'a: kaset ya mutu, sidi ya bi shi, shagunan Ƙofar Wambai sun koma sayar da wasu kaya, fim ya koma YouTube da Arewa24 mai dogon zango, amma waƙa ta tsira, domin ta riga ta raba gari da fim. Ko a 2020, ana kulle saboda korona, "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta zaga duniyar Hausawa ba tare da wani fim ya goya ta ba.

Sai dai wannan nasarar ita ce kuma ta buɗe wata ƙofa. Duk wanda ke zama a situdiyoyin Zoo Road ya san irin maganar da ake yi yanzu: ina wurin da za a yanka a hau TikTok? Ba a tambayar baiti na huɗu, don ba wanda zai kai can. Daƙiƙa 30 ake nema masu sa kafaɗa motsi. Ga na'urar gyaran murya da ke mayar da kowa abu ɗaya, har ka kasa bambance wane da wane. Ga waƙar siyasa, wadda ita ce mai tsoka. Yaro mai basira zai duba ya ga abin da ake samu a waƙar ɗan takara guda, ya duba wahalar albam mai waƙa goma da za a kwafe kyauta, to wanne zai ɗauka? Ban ga laifinsa ba, cikinsa zai ci. Amma duk lokacin da na ji an ce wa mawaƙi "kawo mai zafi", Jani Lane nake tunawa da waƙarsa ta minti 15.

Mu ma masu saurare muna da namu kason. Mu ne muke tsallake waƙa in ta wuce minti uku. Mu ne kuma, in an tashi zagin 'yan fim a majalisa, muke yin shiru, alhali da daddare waƙoƙinsu ne ke raka mu barci. Sau nawa ka ji saurayi ya ce shi ba ya jin waƙar Hausa, amma ranar da budurwa ta yi masa halin nasu ka leƙa sitatus ɗinsa?

Akwai kuma batun adana. Waƙoƙin su Poison da Cinderella duk suna nan, an sake gyara sautinsu, wanda aka haifa jiya zai iya nemowa ya yanke hukunci da kansa. Shi ya sa ma yanzu ake sake duba faifan da aka raina a 1992. Namu fa? Washegarin biki Yaya ya jawo jakar kaset ɗinsa daga ƙarƙashin gado. Rabi sun yi funfuna. Muka sa ɗaya a tsohuwar rediyonsa, ta ɗan yi waƙa kaɗan, muryar mace siririya daga wajen 2002, sai rediyon ta cinye zaren. Ya zaro shi a hankali yana naɗewa da biro. Na tambaye shi sunan mai waƙar. Ya juya kwalin gaba da baya: ga sunan jarumi, ga na jaruma, ga na furodusa har da lambar shagonsa. Babu nata.

Da hantsi na je yi wa Kawu sallama. Ya sa mini albarka, ya ba ni saƙon gaisuwa ga mutanen birni. Har na juya sai ya kira ni, ya laluba aljihu ya fito da 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai, ya rage murya.

"Waƙar nan ta jiya, wadda aka sa lokacin fitar da yarinyar nan. Kana da ita?"

Na ce, "Ina da ita, Kawu."

"To sa mini. Kuma ba sai gwaggonka ta ji ba."